Faɗakar da Muridi a kan Haƙƙin Iyaye

Da sunan Allah muke farawa, gare Shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya fitar da mu daga cikkunan uwayenmu ba mu san kome ba. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, wannan 'yar takarda ce zuwa ga 'yan'uwa masu riƙo da wuridi a Ɗanbatta da ƙauyukanta, a kan haƙƙin iyaye. Abin da ya sa aka rubuta ta shi ne, a yanzu saurayi yakan riƙe tasbaha, ba ya fashin wazifa, yana tara guzurin zuwa maukibi a Kano ko Maulidi a Kaulaha, alhali ɗakin uwarsa yana yoyo, gonar ubansa ciyawa ta cinye ta. Wanda yake haka ya sani yana zuba ruwa ne a kwando.

Fasali na farko: matsayin wannan haƙƙi

Ka sani, ya kai muridi, Allah Ya datar da mu da kai, lalle Allah Maɗaukaki Ya gwama haƙƙin iyaye da haƙƙinSa. A Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, Ya ambaci kyautata musu nan take bayan umarni da kaɗaita Shi da bauta, Ya hana ko da 'yar kalmar ƙosawa, Ya kuma keɓance lokacin tsufansu da ambato, domin a lokacin ne hidima take yin nauyi. A Suratu Luƙman, aya ta 14, Ya haɗa gode maSa da gode musu a umarni guda. A Suratul Ahƙaf, aya ta 15, Ya ƙidaya ciki da shayarwa wata 30, sa'an nan Ya koya wa wanda ya kai shekara 40 ya roƙi ikon gode ni'imar da aka yi masa shi da iyayensa. Ashe furfura ba ta sauke wannan haƙƙi daga kan mutum.

Malamanmu na Malikiyya sun bayyana hukuncin. Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 386 (996), ya faɗa a Risala cewa biyayyar iyaye farilla ce ko da fasiƙai ne, ko da mushirikai ne, sai dai ba a bin su cikin saɓon Allah. Kuma ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗan da yake da hali, namiji ne ko mace. To, kuɗin da kake aika wa tsohuwarka mabuƙaciya bashi ne kake biya, kada ka yi gori da shi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 (1111), ya ambata a Ihya'u cewa ɗa ba shi da ikon yin tafiya ta nafila ko ta halal sai da izininsu. Ziyarar shehunai nafila ce, biyayyar iyaye farilla ce, kuma ba a karɓar nafilar wanda ya tozarta farilla da gangan a matsayin kusanci. Malaman Tijjaniyya ma sun lissafa kyautata wa iyaye cikin sharuɗɗan wuridi.

Fasali na biyu: abin da mutanen Allah suka yi

Dubi Uwaisul Ƙarni, mutumin Yaman. Ya rayu a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, amma bai sadu da shi ba, malamai suka ce hidimar uwarsa ce ta riƙe shi. Ya rasa darajar sahabbantaka, wadda babu ziyarar da ta kai ta. Duk da haka ya zo a Sahihu Muslim cewa Annabi ya siffanta shi ga Sayyidina Umar, ya ambaci biyayyarsa ga uwarsa, ya umarce shi da ya nemi Uwaisu ya roƙa masa gafara. Umar yana halifa ya yi ta tambayar ayarin Yaman har ya same shi.

Dubi kuma Juraiju mai ibada daga Bani Isra'ila, wanda Buhari da Muslim suka kawo labarinsa. Uwarsa ta kira shi yana sallar nafila, ya zaɓi salla, har sau uku. Ta yi masa addu'a, aka jarrabe shi da ƙazafin wata mace, aka rushe ɗakin ibadarsa, sai da Allah Ya sa jariri ya yi magana ya wanke shi. Waliyyi ne mai karama, amma waliccinsa bai kare shi daga addu'ar uwa ba.

Masu rubuta manaƙibi sun ruwaito cewa Shehu Abdulƙadir Jilani bai bar garinsu zuwa Bagadaza neman ilimi a 488 (1095) ba sai da uwarsa ta yarje masa, ta ɗinke masa dinari 40 cikin riga, ta ɗauki alkawarinsa a kan gaskiya. Da 'yan fashi suka tare ayarin ya faɗa musu abin da yake ɗauke da shi don kada ya saɓa alkawarin uwa, wannan ya zama sanadin tubansu.

A ƙasarmu ma haka abin yake. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1168 (1754), ya karanta Alƙur'ani a wajen mahaifinsa Muhammadu Fodiyo. Ƙaninsa Abdullahi, da ya zo lissafa malamansa a littafin Ida'un Nusukhi, da mahaifinsu ya fara. Bayan rasuwar Shehu a 1817, 'yarsa Nana Asma'u ta ci gaba da tsare karatunsa tana isar da shi ga matan karkara ta hannun jajojin 'yan taru har ta rasu a 1864. Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha, wanda aka haifa a 1900, shi ma a gaban mahaifinsa Alhaji Abdullahi ya yi karatu. Waɗanda kake tafiya ziyara dominsu, daga ƙofar iyayensu suka fara.

Fasali na uku: yadda ake godiya

Gazali ya ce godiya tana haɗuwa daga abu uku: sani, da halin zuciya, da aiki.

Amma sani, shi ne ka zauna ka lissafa. Wa ya ɗauke ka ba ka da suna? Wa ya hana idonsa barci daren da kake zazzaɓi? Wa ya sayar da akuya aka yi maka saukar Alƙur'ani, ya fasa rumbu aka yi maka aure? Ni'imar daga Allah take, amma ta hannunsu Ya biyo da ita.

Amma halin zuciya, shi ne ka ji daɗin hidimarsu, kada ka ɗauke ta kaya. Nan ne tarbiyyar rai take. Ladabi a gaban shehi abu ne mai sauƙi, domin idon mutane yana kanka, rai kuma yana samun rabonsa na yabo. Amma tsohon da ya maimaita maka tambaya sau biyar, ko tsohuwar da ta yi maka faɗa a gaban matarka, babu mai ganinka sai Allah. Wanda ya haɗiye fushinsa a nan ya karya girman kai fiye da mai halwa ta kwana 40.

Amma aiki, ga shi a rayuwar yau da kullum. Ka durƙusa ka gaishe su da safe kafin ka fita. Kada ka ɗaga murya sama da tasu, kada ka shiga gabansu a tafiya sai don kawar da cuta. Idan damina ta faɗi, gandun uba ya riga gayaunarka, a shuka da noma da maimai. Ka yaɓe ɗakin uwarka kafin ruwan fari. Ran kasuwar Ɗanbatta, in ka sayar da rago ko buhun gyaɗa, ka fitar da rabonsu kafin ka sayi naka. In kana noman rani a bakin Tomas, kayan miyar farko su shiga tukunyarta. In ci-rani ya kai ka Legas ko Abuja, kuɗin da ake turawa ta waya yana sayen hatsi, amma ba ya sauke haƙƙin ganin fuska, sai ka riƙa kira, ka riƙa zuwa. Kuma kada ka ɗora hidimar uwarka kacokan a kan matarka kana zaune, domin a wuyanka wajibin yake, abin da matar ta yi alheri ne da ya cancanci godiya.

Mas'ala: idan wani ya ce, ubana ya kai ni makarantar allo ina ƙarami bai sake waiwayata ba, ko ya saki uwata ya wulaƙanta mu, sai mu ce, zaluncin da ya yi yana kansa, Allah zai tambaye shi, domin ɗa ma yana da haƙƙin ci da sutura da tarbiyya. Amma Suratu Luƙman, aya ta 15, ta yi umarni da kyakkyawan zama ko da iyayen da suke tilasta ɗansu ga shirka, laifin ubanka kuwa bai kai shirka ba. Ka ba shi haƙƙinsa, ka nemi ladanka wajen Allah, kada kuma ka yi wa 'ya'yanka irin abin da aka yi maka.

Fasali na huɗu: bayan sun rasu

Ƙofar ba ta rufe da mutuwa. Akwai addu'a da neman gafara, da biyan bashinsu, da zartar da wasiyyarsu, da sadaka a madadinsu, kamar yadda Sa'adu ɗan Ubada ya yi sadakar ruwa saboda uwarsa. Akwai girmama abokansu, kamar yadda Abdullahi ɗan Umar ya ba wani balaraben ƙauye jakinsa da rawaninsa domin uban mutumin aminin Umar ne. Akwai sada zumunci da baffanni da kawunai da gwaggonni da innoni. Mafi wuya a ƙasarmu shi ne rabon gona, domin jama'a ta yi yawa, gonaki sun ƙanƙance, 'yan uba suna kai juna gaban alƙali a kan kunya biyu. Wanda ya danne gadon 'yar'uwarsa, sa'an nan ya yanka sa ran sadakar arba'in, ya ɓata wa iyayensa da abin da yake zaton kyautatawa ne.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, kowane dare bayan ka idar da wuridinka ka tambayi ranka abu uku: me na ciyar da su yau, wace kalma na faɗa musu, wace addu'a na yi musu? In ka sami alheri ka gode wa Allah. In ka sami gazawa kada gari ya waye sai ka je ka nemi afuwa, tun suna da bakin yafewa.

Allah Ya gafarta wa iyayenmu da malamanmu, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu ikon hidimar waɗanda suke raye, Ya sa mu cika da imani. Amin.