Amsar Tambaya: Injin Motata Yana Rawa a Silo

Tambaya: Malam, ina lodi da tsohuwar Golf daga Babura zuwa Kazaure. In na tsaya sai injin ya dinga rawa, wani lokacin ya mutu. Na canza filogi, ba ta sake zani ba. Ina mafita?

Amsa: Malam direba, kafin ka sake kashe ko kwabo, bincika ko injin yana shan iska ta ɓarauniyar hanya. Zafin yankinmu da ƙurar hunturu suna busar da tiyon roba har ya tsage, iska ta yi wa fetur yawa.

Ta da motar da safe, ka buɗe bonet ka kasa kunne. Tsagaggen tiyo yana huci kamar kububuwa. In ƙara ta hana ka ji, kafa guntun tiyo a kunne, ka bi da ɗaya bakin ta gindin kafireto da manifol, amma ka nisanci fanka da bel. Sai ka matse ƙananan tiyoyin ɗaya bayan ɗaya da filaya. Wanda ka matse injin ya daidaita, ta nan matsalar take.

Wasu makanikai suna yayyafa fetur a kan tiyoyin su ji ko ƙarar injin za ta ƙaru. Ban yarda da wannan ba, gobara ce. Fesa ruwa ya wadatar, sautin zai canza.

Kada ka manta babban tiyon birki, shi ma iska tana iya shiga ta nan. In feda ta yi tauri, ajiye lodi sai an gyara, rayukan mutane ka ɗauko. Sabon tiyo ka saya, ko da sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, kada ka naɗe tsohon da roba.