In Za Ka Kwaikwayi Wani a Wajen Biki, Kama Halinsa Kafin Muryarsa

Da wuya ka sami gungun abokan ango da babu mutum guda wanda in an ci an ƙoshi ake ce masa, "Don Allah tashi ka yi mana wane." A majalisa abin yana tafiya daidai, domin kowa ya san kowa, dariyar ma a shirye take. Ranar da aka miƙa masa makirufo a wajen dina, gaban dangin amarya da baƙin da ba su taɓa ganinsa ba, sai ka ga murya ta shaƙe, mutane sun koma latsa waya. Wannan shawara ta irin wannan ɗan'uwa ce, da duk wanda yake son ya raya taron tsofaffin ɗalibai ko liyafar sallah da kwaikwayo.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka kwaikwayo aikin maƙogwaro ne. Mutum zai kwana yana murɗa muryarsa don ta yi daidai da ta wani, alhali masu kallo ba da murya suke gane mutum ba. Da hali suke gane shi: yadda yake gyara hula kafin ya yi magana, kalmar da ba ya rabuwa da ita, inda yake tsayawa ya ja numfashi a tsakiyar zance. Ka tuna marigayi Usman Baba Pategi, Samanja mazan fama, wanda ya rasu a 2023. Duk wanda ya murza gashin baki, ya banƙare ƙirji, ya gwamutsa Hausar bariki da Turanci cikin tsawa, an gane Samanja yake yi, ko da muryarsa siririya ce. Shi kansa Samanja soja ya yi kafin ya shahara a rediyo da talabijin a Kaduna, saboda haka abin da ya gani a bariki ya kwaso. Aikin daga ido yake farawa.

To, ka zaɓi mutum ɗaya, ka saurare shi ka kalle shi sau da yawa, kana neman abu biyu ko uku kacal. Daga ina muryar take fitowa, ƙirji, hanci ko maƙoshi? Sauri yake yi ko jan magana? Me hannunsa yake yi in bakinsa yana aiki? In ka sami waɗannan, ka ɗan ƙara musu gishiri, kaɗan dai, ka bar sauran. Sannan ka naɗi muryarka a waya ka saurara, domin yadda kake jin kanka a cikin kanka dabam yake da yadda jama'a suke jinka. Gwaji na ƙarshe shi ne ka yi wa aboki guda ba tare da ka faɗa masa wa kake yi ba. In sai da ya tambaya, da sauran aiki.

Kada ka yi faɗa da halittarka. Mai kakkaurar murya ya nemi irin su Amitabh Bachchan, wanda masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa suka san amonsa tun shekarun 1970. Mai siririyar murya da saurin baki ya fi kusa da salon marigayi Rabilu Musa Ibro. Wanda murya ba ta ba shi haɗin kai ko kaɗan, amma fuskarsa tana magana, ga Mista Bin na Ingila nan: kusan ba ya cewa komai, ido da leɓe da tafiya ne jarinsa, kuma yara da manya sun san shi. Tilasta wa maƙogwaro muryar da ba tasa ba yana kawo dishewa tun kafin a kai rabin wasa. Ka sha ruwa mai ɗumi, ka bar na ƙanƙara sai ka sauko.

A ganina, wanda yake farawa ya bar shahararrun mutane tukuna, ya kama mutanen da kowa yake gamuwa da su kullum. Kwandastan mota a tasha da yake rantsuwa saura mutum ɗaya a tashi. Mai maganin gargajiya da lasifikarsa ranar kasuwa. Hedimasta a asambuli. Ɗan takara a lokacin kamfe. Waɗannan ba su da suna, don haka babu wanda zai ji an ci masa fuska, kuma babu mai cewa "ai ba haka muryarsa take ba."

Ɗauki tela a daren jajiberin sallah. Ka rataya tef ɗin awo a wuya, ka maƙale alli a kunne, ka sunkuya kamar kana kan keke, ƙafarka tana motsi. Wayarka ta yi ƙara, ka leƙa, ka kife ta. Ta sake yi, ka ɗauka da fara'a: "Alhaji, barka da shan ruwa! Ai an gama, maɓalli kawai ya rage." Kana faɗin haka, ɗaya hannun yana zaro yadin Alhajin daga ƙarƙashin tebur, a naɗe yadda ya kawo shi, ko almakashi bai taɓa shi ba. Ka tsaya nan. Kada ka ƙara ko kalma. Dariyar a wannan shirun take, kuma duk wanda ke zauren ya taɓa zama Alhajin nan. Masu farawa sukan ji tsoron shiru, sai su tattake dariyar da sabuwar magana tun ba ta gama fitowa ba.

Akwai wata dabara da magabata suka riga mu sani. 'Yan kama sukan ɗauki karin waƙar wani shahararren mawaƙi, su zubar da kalmominsa, su cika ta da zancen tuwo da miya da ƙosai. Abin dariyar shi ne murya mai girma ta sauka a kan ƙaramin al'amari. Ibro ma ya bi wannan hanya lokacin da ya juya salon Awilo Longomba na Kwango ya mai da shi nasa. Kai ma ka yi haka. Ka ari muryar mai karanta labaran rediyo, da natsuwarsa da "masu saurare" ɗinsa, ka karanta rahoton yadda ango ya yi ta safa da marwa a layin su amarya kafin a ba shi izinin zance. Ko ka ari muryar mai sharhin ƙwallo ka bi hannun babban abokin ango daga faranti zuwa baki. Wannan ya fi maimaita abin da wani ɗan wasa ya riga ya faɗa a fim, domin na bikin nan ne kaɗai, ba a taɓa jinsa a ko'ina ba.

Kayan shiga kuwa, abu ɗaya ya isa: hula, tabarau, sanda ko hankici. Wanda ya tafi canza kaya, kafin ya dawo makaɗi ya karɓe fili.

Yanzu ga inda nake son ka natsu. Kwaikwayo ba baƙo ba ne a wurinmu. A wasan gauta matan fada sukan kwaikwayi sarki da fadawansa, a kalankuwa samarin ƙauye sukan naɗa wa junansu muƙaman hukuma bayan kaka, a Damagaram akwai wasan kara, ga kuma tashe a cikin azumi. Amma kowanne yana da lokacinsa da iyakarsa, kuma wanda ake kwaikwayo ya san da zaman wasan. Haka barkwancin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, ko Gobirawa da Yarabawa: akwai tsohuwar yarjejeniya a ƙarƙashinsa. In kana Bakano ka tsokani Bazazzagi, ka taka sawun kakanni. In ka tashi kana gurɓata Hausar wata ƙabila da babu wasa tsakaninku, a zauren da rabin dangin amarya 'yan ƙabilar ne, ka ɓata wa ango ranarsa. Ko Sakkwatanci za ka yi, ka koye shi da kyau, ka san inda ake cewa "mi" da "shina" da "hwara", don Basakkwacen da ke wurin ya ji an san harshensa, kada ya ji ana yi masa dariya.

Wasu abubuwan kuma ba a kusantar su sam. Karatun Alƙur'ani, kiran salla, wa'azin wani malami. In'ina, gurguntaka, makanta, taɓin hankali. Iyayen ango da na amarya. Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, kuma malamai sun sanya kwaikwayon mutum don a wulaƙanta shi cikin giba. Ma'aunin da nake ba kowa shi ne: da mutumin yana zaune a gaba, zai yi dariya tare da jama'a ko zai sunkuyar da kai? In aboki ne ko tsohon malaminku na makaranta da zai halarta, ka same shi tun kafin ranar ka nemi izini. Mafi yawa za su yarda, wasu ma su ƙara maka da abin da ka manta.

'Yan siyasa masu rai, musamman masu riƙe da mulki, ka yi hattara da su. Zauren biki ya haɗa 'yan jam'iyyu daban-daban, kuma duk abin da ka yi akwai wayoyi a sama suna ɗauka. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala ashirin-ashirin da tara, saboda bidiyon barkwancin da suka yi a TikTok kan gwamnan jihar na lokacin. Ka ɗauka duk abin da ka faɗa a makirufo zai fita daga zauren.

Saura lokaci. Ka sami mai gabatar da taro tun da wuri ku tsayar da inda za ka shiga. Bayan an ci abinci ya fi, ba lokacin da ake rabon faranti ba, ba kuma daf da nasihar dattawa ba. Wajen ɗaurin aure ba filin wannan ba ne. Ka shirya mutum biyu, in ka matsa uku, a cikin minti uku zuwa biyar. Ka fara da wanda za a gane nan take, ka ajiye wanda ka fi ƙwarewa a kai zuwa ƙarshe. Kada ka yi dariya da kanka a tsakiyar wasa, kada kuma ka ba da haƙuri tun kafin ka fara. In wani yanki bai karɓu ba, ka wuce na gaba ba tare da bayani ba.

Idan aka fara liƙi ana cewa "ƙara, ƙara," ka yi godiya, ka yi wa ango da amarya addu'ar zaman lafiya da muryarka ta gaskiya, ka miƙa makirufo. Sauran mutanen da ka shirya, ka adana su sai bikin gaba.