Amsoshin Tambayoyinku: Fashin Makaranta da Lokacin Gaggawa

Wata mai sauraronmu daga Gusau tana tambaya: shin laifi ne iyaye su hana yaro zuwa makaranta, kuma me za su yi idan hatsari ya taso?

To Hajiya, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 a Najeriya ta wajabta karatun shekara tara, firamare shida da ƙaramar sakandare uku. Uban da ya saɓa, gargaɗi za a fara yi masa, in ya maimaita sai tara ko ɗauri. In yaro ba shi da lafiya, a sanar da malamin aji da sassafe.

Idan gobara ko hari ya auku, kada ku yi cincirindo a bakin ƙofar makaranta, har ku tare wa motar kashe gobara hanya. Ku kira 112, sannan ku jira sanarwar shugaban makaranta. Tun yau ku sa yaranku su haddace lambar wayarku.