Ilimin da ka samu a waje, ta wace ƙofa zai shiga jami'a?

Tambayar da aka fi kawo mana a cibiyar share fagen shiga jami'a inda nake koyarwa a Zariya ita ce: "Malam, ni fa na iya abin nan, takarda ce kawai ba ni da ita. Sai na koma farko ke nan?" Masu yin ta galibi ba yaran da suka fito daga sakandare jiya ba ne. Magidanta ne, da matan da aure ya yanke wa karatu, da mahaddata Alƙur'ani, da samarin da suka yi shekaru a ci-rani. Amsar da nake ba su ita ce ba lallai a koma farko ba, domin akwai jarrabawoyin da ke rage wa mutum tafiya. Sai dai kowace tana da iyakar inda take kai mutum, kuma rashin sanin wannan iyaka shi ke jawo asarar kuɗi da ta shekaru.

A Amurka abin ya daɗe da zama tsari. Tun 1967 hukumar College Board take gudanar da jarrabawar CLEP, wadda a yau ta ƙunshi darussa 34, kama daga lissafi da tarihi har zuwa Faransanci da Jamusanci. Ba a tambayar mutum inda ya koya. Zai biya kuɗi, ya zauna gaban kwamfuta kamar minti 90, a ba shi maki tsakanin 20 da 80. Idan ya kai abin da jami'arsa ta gindaya, wanda sau da yawa 50 ne, sai a yafe masa wannan kwas, a rubuta masa shi tamkar ya zauna a aji zango guda. Makarantu kusan 2,900 ne ke karɓarta, amma kowace ita ke yanke wanne za ta karɓa da wanda ba za ta karɓa ba. Faransa kuwa ta bi wata hanya: dokar 2002 ta ba ma'aikaci damar tattara hujjojin aikin da ya yi, ya tsaya gaban kwamitin masana ya kare su, a ba shi wani ɓangare na digiri ko ma dukansa.

Mu a Najeriya ba mu da irin wannan sak. Abin da ya fi kusa da shi shi ne shiga kai-tsaye, wadda ɗalibai ke ce wa DE, inda mutum ke tsallake aji ɗaya ya fara daga aji biyu na jami'a. Hanyar da muka fi sani a Arewa ita ce IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita tun 1976. Ɗalibi zai ɗauki darussa uku, ya yi kusan shekarar karatu guda a cibiyar da aka amince da ita, sannan ya rubuta jarrabawa ɗaya da kowa da kowa. A tana da maki 5, B 4, haka har zuwa E mai maki 1, a haɗa na darussan uku, jami'a ta duba ko jimillar ta kai abin da take nema a kwas ɗin. A 2014 wasu jami'o'i ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Legas suka kafa JUPEB a kan kusan wannan tsari. Mai NCE da mai difloma ta ƙasa su ma ta wannan ƙofa suke shiga. Dukansu kuma sai sun sayi fom ɗin DE a wurin JAMB. Sakamakon shi kaɗai ba ya ba mutum gurbi.

A lura da abu ɗaya a nan, domin shi ne mutane suka fi kuskurewa. IJMB da JUPEB ba sa maye gurbin takardar sakandare. Kiredit biyar ɗin nan, har da Turanci da lissafi a mafi yawan kwasa-kwasai, suna nan daram. Wanda ba shi da su, ƙofarsa ta farko ita ce jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, wadda ba ta buƙatar mutum ya sa kayan makaranta ko ya zauna a aji. Wanda ya tashi a Islamiyya ko ya yi zurfi a Larabci yana da NBAIS, hukumar da asalinta ke komawa zamanin Sardauna a 1960, ta daɗe a ƙarƙashin Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello kafin ta zama ta ƙasa baki ɗaya. Mai sana'ar hannu kuma yana da NABTEB, wadda aka kafa a 1992.

Wani saurayi daga ƙasar Katsina ya zo mini bayan ya yi shekaru a kudancin Aljeriya. Ta Agadas da Arlit ya bi ya shiga Tamanrasset, daga nan ya samu aikin lambu a Tit, ƙauyen da ke kamar kilomita 40 a arewa da birnin, wanda tarihi ya sani saboda yaƙin 1902 tsakanin Abzinawan Ahaggar da sojojin Faransa. (Ba ina yaba wannan tafiya ba ne, duk wanda ya ga yadda ake sauke mutane a bakin iyaka wajen Assamaka ba zai tura ɗansa ba.) A lambun ne ya koyi haɗa famfon ruwa mai aiki da hasken rana, ya iya Larabcin da ake yi a can har ba a gane shi baƙo ne, ya tsinci Faransanci daidai na ciniki. Burinsa ya karanta injiniyancin lantarki.

Na juya bayan wani fom na ce ya zana mini yadda yake haɗa faifan sola guda huɗu zuwa famfo. Bai yi wata-wata ba. Ya ja layuka, ya nuna inda zai jera su a layi ɗaya da inda zai haɗa su gefe da gefe, har ya gaya mini irin wayar da ke ɗaukar zafi idan an yi mata nisa da rijiya. Ɗalibaina da yawa masu kiredit tara ba za su iya wannan zanen ba. Sai na rubuta masa ƙarfin faifai ɗaya da yawan bolt ɗinsa, na ce ya lissafa mini amfiya nawa zai bayar. Ya riƙe biro ya yi shiru. Amsar tana hannunsa, domin ya sha aunawa da mita, amma bai san rabawa ce kawai ake yi ba. Larabcin ma haka: baki ya buɗe sarai, amma da na ba shi sakin layi ɗaya ya sa wasulla sai nahawu ya kayar da shi.

Wannan shi ne halin mafi yawan masu zuwa wurinmu. Iliminsu na gaske ne, amma jarrabawa ba ta auna shi a siffar da suka riƙe shi. Saboda haka kada wanda ya iya aiki ya ce zai shiga ɗakin jarrabawa haka nan. Ya nemi manhajar jarrabawar da tambayoyin shekarun baya, ya zauna ya sa agogo ya gwada kansa, ya ga inda ramin yake. Shi wannan saurayi takardar sakandarensa babu lissafi babu Turanci, don haka na ce ya ajiye maganar IJMB tukuna, ya fara da NECO ta masu zaman kansu. Ransa bai so ba. Amma da ya ga lissafin ya zo masa da sauƙi saboda yana da abin jingina shi a zahiri, sai hankalinsa ya kwanta. Yanzu yana karatun fiziks da kemistiri da lissafi da safe, da yamma yana haɗa wa mutane sola a Samaru.

Shi ne ya ja hankalina ga yadda abin yake a can. A Aljeriya wanda ya bar makaranta yana iya yin rajista da hukumar karatu daga nesa, ONEFD, ya yi karatu a gida, kowace shekara ya rubuta jarrabawar tabbatar da matsayi ya haye aji na gaba, har ya kai ga zama jarrabawar bakaloriya a matsayin mai zaman kansa. Idan ya samu 10 cikin 20 ya ci, kuma ga jami'a nan a Tamanrasset mai sunan Alhaji Musa ag Akhamouk, sarkin Ahaggar. Ɗan mai lambun da ya yi wa aiki ta haka ya bi. Shi kuwa saurayin, da ba shi da takardar zama a ƙasar, sai kallo.

Ga inda nake so a buɗe kunne sosai. Duk inda aka ce takarda na rage shekara, 'yan damfara na nan kusa. Akwai shaguna masu allo da sunan IJMB waɗanda ba su da alaƙa da kowace cibiya da aka amince da ita, akwai kuma masu cewa a kawo kuɗi za a fitar da sakamako ba tare da an zauna ba. A 2023 JAMB ta bayyana cewa cikin takardu 148 na masu neman DE da Jami'ar Bayero ta tantance, 6 ne kawai na gaskiya. Tun daga nan aka tsananta, ana komawa ga hukumar da ta bayar da takarda a tabbatar kafin a ba mutum gurbi. Na ga uba ya sayar da gona, ɗansa ya yi shekara a irin wannan shago, ranar tantancewa aka ce babu sunansa a ko'ina. Kafin ka biya ko kwabo, ka tabbatar cibiyar tana cikin jerin hukumar jarrabawar, sannan ka buɗe littafin JAMB ka ga ko jami'ar da kake so tana karɓar wannan takarda a wannan kwas, da kuma maki nawa take nema. Wasu kwasa-kwasan, irin likitanci da lauya, guraben DE ɗinsu kaɗan ne ƙwarai, kuma ya kamata a gaya wa yaro haka tun kafin ya fara.

Abin da ya fi damuna shi ne har yanzu duk ƙofofin DE ɗin nan sai an sake zaman aji kafin a bi ta cikinsu. Hukumar NBTE da ke Kaduna ta fara abin kirki da tsarin auna ƙwarewar masu sana'a a wurin aikinsu a ba su shaida, irin su maƙeran Panteka, amma wannan bai riga ya zama hanyar yafe kwas a jami'a ba. Malamin zaure da ya sauke Alfiyya ta Ibn Malik ya karantar da ita, idan ya shiga sashen Larabci sai a zaunar da shi a darasin nahawu na farko. Wanda ya tashi a Maraɗi da Faransanci a bakinsa haka. Wanda ya shekara goma yana gyaran kwamfuta sai ya yi kwas ɗin gabatarwa ga kwamfuta. Wannan ɓarnar lokacinsu ce, kuma cunkoso ne a ajujuwan da dama sun cika.

Ina kira ga majalisun jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina su fara da kaɗan: Larabci, Faransanci, Hausa da kwamfuta na aji ɗaya. A tsara jarrabawa mai tsauri, a sa ido a kanta, wanda ya ci a yafe masa kwas ɗin. Ku kuma masu ilimi a hannu babu takarda, rajistar NECO da WAEC ta masu zaman kansu tana buɗewa kowace shekara; ku duba abin da ya rage muku cikin kiredit biyar ɗin nan, ku fara da shi bana.