Tambaya da Amsa: Daga Kara-Kara zuwa Kano da teburin kilishi

TAMBAYA

Ni matashi ne ɗan unguwar Kara-Kara a Damagaram. A da ina cikin yaran fale, wato 'yan daban garinmu, na kuma taɓa sayar da man fetur a kwalba a bakin hanya, amma Allah Ya shirye ni, na koyi yanka da shanya da haɗin labu a hannun wani mahauci. Yanzu na tara ɗan jari, ina so in tafi Kano in kafa teburin kilishi da tsire. Abokaina sun rabu biyu: wasu sun ce Kano gida ce, Bahaushe ba ya buƙatar takarda, wasu sun ce tunda Nijar ta fita daga CEDEAO sai da biza. Akwai kuma mai ba ni shawara in bi ta Umara in zauna a Jidda ina sayar da abinci, ko in gangara Kumasi. Wanne zan kama?

AMSA

 Allah Ya yi wa wannan sana'a albarka, Ya kuma saka wa mahaucin da ya riƙe ka da alheri. Abokan naka kowanne ya riƙe gefe ɗaya na maganar.

Biza dai ba ka buƙata. Yarjejeniyar CEDEAO, wadda 'yan Najeriya ke kira ECOWAS, tun 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba biza, ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya da katin rigakafi. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, amma a ranar ƙungiyar ta sanar cewa 'yan waɗannan ƙasashe za su ci gaba da shiga da zama da kafa sana'a kamar da, har sai an yanke wata shawara. Ka lura da wannan ƙarshen. A da haƙƙinka ne a rubuce, yanzu sassauci ne da za a iya janyewa da sanarwa guda. Saboda haka kafin ka sayar da ko da tunkiya ɗaya don kuɗin mota, ka tabbatar sassaucin yana nan.

Masu cewa Kano gida ce su ne suka fi ba ni tsoro, domin maganarsu akwai daɗi kuma rabinta gaskiya ce. Idan ka bi ta Matamaye ka tsallaka Ɗan Barto zuwa Kwangwalam, ka wuce Daura da Kazaure, ba wanda zai kalli fuskarka ya ce baƙo ne. Mutanen ƙasarmu sun daɗe da zama a Kano, unguwar Agadasawa da ta yi suna a kilishi shaida ce. Sai dai kwana 90 ɗin nan na mai ziyara ne. Wanda zai zauna ya yi sana'a, doka ta ce ya je hukumar shige da fice ta Najeriya ya yi rajista, a ba shi katin zama. Dubban mutanenmu ba su yi ba, kuma shekaru suna wucewa lafiya, har ranar da ba ta wuce lafiya ba. A 1983, zamanin Shagari, an kori baƙi marasa takarda kusan miliyan 2 daga Najeriya, akwai 'yan Nijar da yawa a ciki. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. A irin waɗannan ranaku mai takarda yana da bakin magana a shingen hanya, marar takarda kuwa jarinsa ne ke magana a madadinsa, har ya ƙare.

Aikinka na farko yana nan Damagaram. Kana da takardar haihuwa? Na tambaya ne domin a Kara-Kara, unguwar da aka daɗe ana mayarwa saniyar ware tun da aka zaunar da masu cutar kuturta a can, yara da yawa a ɗaki aka haife su, ba wanda ya kai sunansu ma'aikatar magajin gari. Idan kana cikinsu, kotu na bayar da hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa, da shaidu waɗanda suka san iyayenka. Da ita za ka nemi takardar shaidar zama ɗan ƙasa, sannan katin ɗan ƙasa, sannan fasfo. Mai zuwa cin kasuwar Mai'aduwa ya dawo ya kwana gida yakan wuce da kati, amma mai niyyar zama ya daure ya yi fasfo, ya kuma karɓi katin rigakafin shawara. Da ka isa Kano, ka nemi ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke birnin ka yi katinsu. Ranar da wata rigima ta taso, su ne masu tsaya maka.

Akwai tarko ɗaya da nake roƙonka ka kauce masa, kuma na san za a ɗana maka shi cikin makon farko. Cinikin Kano yanzu ya koma waya. Mutum zai zaɓi kilishi, ka naɗe masa a takarda, ka barbaɗa yaji, sai ya ɗaga kai ya ce, "Ba ni lambar asusu." In ba ka da ita, ya ajiye ya matsa teburin gaba. Buɗe asusu, ko a banki ko a irin su Opay da Moniepoint, sai da lambar NIN ko BVN. Nan ne wani zai raɗa maka cewa da 'yan kuɗi kaɗan za a samo maka takardar asali ta wata ƙaramar hukumar bakin iyaka, a rubuta ka ɗan Daura ko Ɓaure. Kada ka yarda. Bayanin ƙarya ne ga hukuma, an haɗa shi da zanen yatsunka, kuma ba ya gogewa. Baƙon da ke da katin zama yana da hanyarsa ta halal ta samun NIN da sunan ƙasarsa ta gaskiya. Ta fi jinkiri, amma ka bi ta. Kai da ka sha wahalar wanke sunanka daga fale, bai kamata ka je wata ƙasa ka fara da sunan aro ba.

Sauran takardun sana'a sun fi sauƙi. Za ka ji ana cewa baƙo sai ya nuna jarin naira miliyan 100. Wannan maganar kamfani ce mai hannun jarin 'yan waje. Idan ka raɗa wa sana'arka suna na musamman ka rubuta a allo, sai ka yi masa rajista a hukumar CAC. Mai tebur kuwa, mu'amalarsa ta kullum da ƙaramar hukuma ce: kuɗin wuri, 'yan haraji, da duba-gari masu lura da tsafta, waɗanda kan nemi shaidar gwajin lafiyar mai taɓa abinci. Kowane kuɗi ka biya, ka karɓi rasit ka adana. Ranar da ka fara zuba kilishi a leda mai tambari kana kai wa kantuna, ka shiga hurumin NAFDAC, sai sun ga wurin aikinka sun ba ka lamba.

Nama kuma, ka saya a can Kano. Naman shanu yana cikin kayan da kwastan ɗin Najeriya suka haramta shigowa da su, ita ma Nijar takan dakatar da fitar da dabbobi, kamar yadda ta yi gab da layyar 2025. Wannan ya kawo mu ga ikon da ba ya cikin kundin gwamnati amma ya fi kusa da teburinka: Sarkin Fawa da ƙungiyar mahauta. Baƙo ba ya kafa tukuba a unguwa ba tare da ya gaida su da mai unguwa ba. Ka roƙi maigidanka na Damagaram ya haɗa ka da wani mahauci da ya sani a Kano.

Batun Jidda, amsata a'a ce. Bizar Umara ta ibada ce, ba ta ba ka izinin aiki ko sana'a. Wanda ya wuce wa'adinta ya zama ɗan takari, yana dafa abinci a ɓoye, kamu ɗaya ya raba shi da tukwane da jari, a tsare shi, a maido shi, a kuma hana shi komawa na shekaru. Kumasi tana da zango mai tarihi da Hausawa masu karɓar baƙo, amma dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan sana'o'in kasuwa da talla da rumfa, kuma da ita aka kafa hujja aka rufe shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Akara a 2019 da 2020.

Kano ce ta fi dacewa da kai, kuma kwana 90 ɗin nan ka yi amfani da su. Ka bar yawancin jarinka a gida da sefa, domin naira tana hawa da sauka. Ka je da fasfo da wuƙarka, ka zauna ƙarƙashin mahaucin da aka haɗa ku na wata ɗaya ko biyu, ka ga farashin cinya a mayankar Abbatuwa, ka ga irin yajin da bakin Kanawa ke so, ka shigar da takardun katin zama tun kafin wa'adin ya cika. Idan katin ya fito, sai ka aika a turo maka kuɗin tebur.