Tabbatar da Labari a Daren Zaɓe

A aya ta 6 ta Suratul Hujurati, Allah Maɗaukakin Sarki Ya umurci muminai da su binciki labarin da fasiƙi ya kawo, kada su cuci wasu bisa jahilci, su wayi gari suna nadama. Malaman tafsiri da dama sun ce ta sauka ne game da Walidu ɗan Uƙba, wanda aka aika karɓar zakka wurin Banu Musɗaliƙ, ya komo ya ce sun hana. Saura ƙiris a yaƙe su.

Umurnin shi ne "tabayyuni", watau neman bayani. A ƙira'ar Hamza da Kisa'i kuwa "tasabbuti" ne, watau dakatawa har a tabbatar.

To, daren zaɓe wayar hannu takan kawo wa mutumin Zurmi ko Ƙauran Namoda sakamakon Shinkafi tun ana ƙirga, babu isnadi, babu sunan mai ruwaya. Wanda ya tura shi gaba, shi ya zama mai ruwayar, alhakin kuma yana wuyansa. Alhali ko sanarwar hukumar zaɓe takan warware. A 2019 an riga an ba APC nasara, sai Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'unta na Zamfara ran 24 ga Mayu, kujerar Sanatan Zamfara ta Arewa ta koma hannun Sahabi Ya'u na PDP.