DARASI: ƘUNGIYAR ROTARY DA YAƘI DA CUTAR SHAN INNA

Kusan duk wanda ya taso a Hanwa ya san matan nan masu hijabi da ke bin gida gida da ɗan akwatin sanyi a rataye. Su ɗiga wa yaro magani a baki, su shafa masa tawada a ƙaramin yatsa, sannan su yi rubutu da alli a jikin bango. Da yawanmu mun ɗauka aikin gwamnati ne kawai. Da gwamnati a ciki, amma akwai wata ƙungiyar sa kai da ta fara ɗauko maganar, sunanta Rotary.

Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya kafa ta tare da abokansa uku a birnin Shikago na Amurka, ranar 23 ga Fabrairu, 1905. Sunan ya samo asali ne daga yadda suke zagayawa da taronsu, yau a ofishin wannan, wani makon a ofishin wancan, kamar yadda iyayenmu mata ke zagayawa da adashi. Mambobinta likitoci ne da lauyoyi da 'yan kasuwa da malamai. Ba a biyansu albashi, su ne ma suke cire kuɗi daga aljihunsu don a haƙa rijiya ko a gyara aji. Akwai irinta mai suna Lions, an kafa ta a 1917, ita ta fi shahara da taimakon masu ciwon ido.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne reshen Rotary na farko a Najeriya a Kano aka buɗe shi, a 1961. Kuma ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar a duniya baki ɗaya lauya ne mazaunin Kano, Jonathan Majiyagbe, daga 2003 zuwa 2004.

To mece ce shan inna? Kakanninmu sun ce wata iska ce mai suna Inna take shanye ƙafar yaro, daga nan sunan ya fito. A ilimin kimiyya kuwa ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani. Tana fita ta bayan gida, ta shiga ruwa ko abinci ko hannun da ba a wanke ba, ta koma cikin wani yaron. Ta fi kama 'yan ƙasa da shekara biyar. Yawancin waɗanda ta shiga jikinsu ba sa nuna alama, amma kusan ɗaya cikin 200 tana lalata masa jijiya, ƙafa ta shanye. Idan ta shanye babu maganin da zai dawo da ita. Shi ya sa duk ƙarfin yake kan rigakafi.

A 1979 Rotary ta fara aikin yi wa yara miliyan shida rigakafi a ƙasar Filifin. Da ta ga abin ya yiwu, sai ta buɗe shirin PolioPlus a 1985. A 1988 ta haɗa kai da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka. A lokacin cutar tana gurgunta yara kusan 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. Rotary ta zuba fiye da dala biliyan biyu a wannan aiki, daga baya gidauniyar Bill Gates ta shigo tana ƙara dala biyu a kan kowace dala ɗaya da Rotary ta tara.

Sai dai a nan Arewa abin bai tafi sumul ba. A 2003 jita-jita ta bazu cewa maganin yana hana haihuwa, har aka dakatar da rigakafin a wasu jihohi. Kano ce ta fi daɗewa, sai a watan Yuli na 2004 aka ci gaba. A 'yan shekarun da suka biyo baya cutar ta tsallaka daga Najeriya zuwa ƙasashe kusan 20, har da Indonesiya mai nisa.

Ni dai ban ga ya dace a kira iyayen wancan lokaci jahilai ba. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada wani magani a kan yara masu sanƙarau a Kano, wasu suka mutu, maganar ta kai kotu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kuma akwai tambayar da har yau ake yi a unguwa: me ya sa maganin shan inna kyauta ne har ƙofar gida, amma na zazzaɓin cizon sauro sai an saya? Tambaya ce mai ma'ana. Amsar ita ce shan inna cuta ce da za a iya kawar da ita kwata-kwata daga duniya, kamar yadda aka yi wa agana a 1980, amma sai an kai ga kowane yaro. Duk da haka mai ba da taimako ya kamata ya fara jin abin da ke damun mutane.

Abin da ya gyara al'amarin shi ne shigowar mutanen da jama'a suka yarda da su. Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar da sarakuna da hakimai da masu unguwanni da malaman addini suka sa baki. Waɗanda cutar ta gurgunta su ma suka riƙa shiga gidaje suna cewa ku dube mu. Ba a banza aka samu nasarar ba, domin a Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano.

An ga mai ɗauke da asalin cutar na ƙarshe a Najeriya a jihar Borno a 2016. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana cewa Afirka ta rabu da ita. A shekarar ne mujallar Time ta sa Dakta Tunji Funsho, shugaban kwamitin Rotary na shan inna a Najeriya, cikin mutum 100 mafiya tasiri a duniya.

Wani zai ce, to me ya sa har yanzu suke zuwa? Asalin cutar tana nan a Pakistan da Afganistan, kuma matafiyi ɗaya ya isa ya kawo ta. Sannan akwai wani nau'in da ke ɓullowa a inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, an kuma same shi a jihohin Arewa maso Yamma. Ɗigo sau ɗaya ba ya isa, shi ya sa ake maimaitawa har yaro ya cika shekara biyar. Ana tunawa da ranar yaƙi da shan inna ta duniya duk 24 ga Oktoba.